Takalmi Ɗaya

Na buɗe akwati a tsakar ɗaki, nan Rafindadi,
azahar ta gota, wuta ba ta dawo ba.
Na fito da mayafai masu ƙamshin wani gari,
da dabino, da kwalbar turaren da ba ta fashe ba,
sai ga shi can ƙasa, cikin ledar famfas:
takalmi ja, na hagu,
wanda ɗan'uwansa bai biyo mu ba.

A babbar kasuwa na saye su, saura sati mu tashi.
Mai shago ya rantse sai dai yaro ya girme su.
Bai yi ƙarya ba.

Goggo Tasalla ta yi sallama, sanda na gaba,
ta zauna bakin gado, ba ta jira tabarma ba.
"To, 'yan Masar, mi kuka gano?"

Na gyara murya.
Zan ce ƙanena Tukur ya cika zaure da babbar riga,
shi kaɗai tsakanin masu kwat.
Zan ce Shaima, amaryar, ta haddace "ina wuni"
tana raba wa kowa, har da sassafe.
Zan ce danginta sun rangaɗa guɗa irin tamu
har na waiga neman wadda ta zo daga gida,
ban ga kowa ba.

Ukasha ya riga ni.
Shekara uku da rabi, baki duk maiƙon ƙosai:
"Goggo, akwai kyanwa.
A ƙofar masauki take kwana, kunnenta a yanke.
Kuma akwai bene mai tafiya da kansa,
ki tsaya kawai, ya kai ki sama."

Na ce, dalar fa, Ukasha?
Kuɗin mota, da rana, da goyon da ya ƙage mini ƙugu?
Ya dube ni kamar na yi masa Larabci.
Hoton na nan a waya:
duwatsu masu shekara dubbai a bayanmu,
shi kuwa baki buɗe, yawu na bin kafaɗata.

Goggo ta yi dariya har da tari.
"Mu ma mun ga dala, ta gyaɗa, a Kano, ina amarya,
kuma ko sisi ba mu biya ba."

Ban ba ta labarin jirgi ba,
yadda kunnensa ya toshe tun muna bisa Kano,
ya tsala ihu, ina ta ba mutane haƙuri da ido,
har wani tsoho da ba ma jin yaren juna
ya ɗaure hankici ya yi masa ɓera.

Ranar ƙarshe ce, a kan Nilu, gab da magariba.
Kwalekwale mai ƙyalle, amarya da ango a gaba,
ni na riƙe bayan rigarsa kamar mai riƙon akuya.
Ta hannunsa ban yi ba.
Ya cire na dama, ya miƙa, ya saki.
"Shi ma jirgi ne," in ji shi.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na ga abin bai nutse ba.
Yana ta tafiya, ja, ɗan mitsitsi,
mai tuƙi ya nuna arewa da haɓa, ya ce teku.

Yanzu Goggo ta tafi da dabinonta a gefen zani.
An kira la'asar, tsakar gida ta yi inuwa.
Na leƙa ta taga:
ya cika bahon wanki da ruwan da na saya jarka biyu,
ya ɗora na hagun a kai, ya durƙusa yana hurawa.

"Mama, wancan ya kai?"

Na ce, ya kusa.
Ban ce ya kwashe ruwan ba.