Jemagun Talatin da Bakwai

Kawu Gariba ya ce, "Hoton biki ake biya.
Wa zai ba ka sidi ɗaya a kan jemage?
Shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba,
kai a ƙasa, ƙafa a sama."
Zuwera ta leƙo daga ƙofar shagonmu a Nima,
ta ce hadari ya taso ta wajen teku,
kyamarar ma ban gama biyan bashinta ba.

Na naɗe ta a ledar burodi,
na hau mota.

Ƙarƙashin itatuwan asibitin soja
kashinsu ya riga ruwan sauka a kafaɗata.
Mai gadi ya daka tsawa: ban da katanga!
Mai kwakwa ya yi dariya:
"Haske ya mutu, malam, tafi gida."

Ban tafi ba.

Almuru, sai rassa suka girgiza,
kamar an kakkaɓe buhun gawayi a kan Accra.
Na danna sau ɗari biyu da wani abu,
yatsa na santsi, takalmi cike da ruwa.
Duk dishi-dishi.
Duk hayaƙi.

Sai guda ɗaya:
uwa ce, fiffike a buɗe,
fitilar titi ta ratsa fatar
har jijiyoyi sun fito ja,
ɗanta manne a ƙirji
kamar maɓallin riga.

Kyamara ta kwana uku cikin ɗanyar shinkafa.
Kawu ya gyara tabarau,
ya daɗe bai ɗago ba.
Ya ce, "Ashe goyo take yi?"