Huda Shida

Mutari baduku, can lungun Birni,
shi ke riƙe da tarihina.
Ba tawada, ba takarda,
basilla ce da ɗamarar fata.

Shekara ashirin ina zaune
a rumfata ta Kasuwar Dole,
ina auna wa mutane atamfa,
ban taɓa auna kaina ba.
Tumbi ya riga ni shiga ɗaki,
a ce: Alhaji, arziki ya zauna!
Ni ko in shafa shi da murmushi
kamar mai shafa ragon layya.

Alkaki da hantsi, kilishi da yamma,
shayi ukun nan, ban tsallake ɗaya.

Ran da gaskiya ta zo, ba ta yi sallama ba.
La'asar ce, ina sahun gaba.
Liman ya ɗago, jama'a ta ɗago,
ni gwiwa ta ce ba da ita ba.
Wani yaro ne ya kama hannuna,
ɗan da ban san sunan ubansa ba.

Likita Falmata ta ɗaure min dantse,
ta dubi lamba, ta dube ni:
Tansiyo ya hau, sikari na biye,
kilo ɗari da sha huɗu.
Da jaki aka ɗora wa wannan kaya
da unguwa ta yi wa mai shi faɗa.

Na fara neman gajerar hanya.
Mai magani a tasha, da lasifika,
ya ce kwana bakwai kitse ya narke.
Kwana uku na yi a bayan gida.
Abin da ya rame kaɗai aljihuna:
jika biyar, Allah ya jiƙan su.

Sai na koma ga ƙafafuna.
Bayan asuba, daga Zango zuwa duwatsu,
ni da 'yan garuwa muke raba hanya,
su da ruwan birni, ni da ruwan jikina.
'Yan kabu-kabu su ja birki:
Alhaji, mota ce ta lalace?
In ce a'a, mai motar ne.

Tsahara ta ga na rage malmala,
ta yi kwana biyu ba ta ce min ci kanka ba.
Ko hannuna ya canja? in ji ta.
A nan na gane tuwo ba tuwo ba ne kaɗai,
wani lokaci so ne aka tuƙa.
Sai da na zauna na faɗa mata tsorona,
kashegari ta kwaɗa zogale,
ta ce: to, mu ci tare.

Huda ta ɗaya, ta biyu, ta uku.
Gari ya ɗauka.
Wasu suka ce karayar arziki,
wasu suka ce ciwon da ba a faɗi.
Inna ta aiko rubutu a gora.
Waɗanda suka yi shiru ina nishi
yau su ke min sannu ina numfashi.

Kar in yi ƙarya: na faɗi.
Bikin ɗan ƙanena a Mirriya,
sai ga babbar Salla ta biyo baya,
ɗamara ta koma huda biyu.
Na je wa Mutari kaina a ƙasa.
Bai ɗago daga ɗinkinsa ba, ya ce:
Fata ba ta manta huda.
Tana nan, tana jiranka.

Yanzu na san yunwar ciki,
na san ta ido, na san ta haushi.
Ɗaya kaɗai ke cin abinci,
sauran tafiya suke so, ko hira.

Jiya ya huda ta shida.
Wutsiyar ɗamara ta yi tsawo,
har tana leƙe ta ƙasan riga.
Ya ɗauko wuƙa: in datse maka?

Na ce bar ta, Mutari.
In na manta, ita ta tuna min.