Ginshiƙi na Goma Sha Bakwai

Ruwa na dukan kwanon rufi a Talcahuano tun asuba,
iskar teku na shigo mana da ƙarnin kifi.
Mun tsai da shi cikin na'urar matsi,
mita huɗu, baƙin ƙarfe, ko uffan.

Kwana uku ina ɗura wa kwamfuta labarinsa:
kauri, tsayi, yadda aka ɗaure ƙafarsa,
har ɗan karkacen da ido ba ya kamawa,
wanda ya fito da shi tun daga wuta.
Ta ce: tan ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Tsoho Eleuterio bai ko kalli takardata ba.
Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana, ya kara kunne,
ya kanne ido ɗaya, ya bi shi ƙasa har sama,
ya duƙa da alli a kan daɓe:
ɗari da casa'in da takwas.

"Ximena," in ji shi, "gajere sai an murƙushe shi.
Dogo ba ya jira.
Gefe yake zamewa,
kamar wanda ake bi bashi ya hango mai shi."

Muka kunna.
Ɗari. Ɗari da hamsin.
Ɓawon tsatsa ya fara zubowa kamar dussa.
Allura ta haye lambar tsoho, ya tsuke baki.
Na fara murmushi, ban ƙarasa ba:
a ɗari biyu da huɗu ƙugu ya saki.
Ba tsawa, ba tartsatsi.
Rusunawa kawai ya yi,
irin ta wanda ya daɗe yana son ya ce ya gaji.

Ni na zarce da bakwai, shi ya gaza da shida.
Tasa kuskure ce, tawa kuwa kan binne mutane.

Da dare na koma kan lissafi,
na zabtare wa adadin kaso mai tsoka
saboda abin da ban sani ba:
hannun mai walda ranar da bai yi barci ba,
gishirin teku na shekara arba'in,
da ƙasar nan tamu, mai juyi cikin barcinta.
'Yan'uwan wannan ƙarfe makaranta za su ɗauka a kan tudu,
jikarsa Millaray na hawa na biyu, kusa da taga.

Da safe na tarar ya goge allinsa da takalmi.
Ya miƙo mini shayi, bai ce komai ba,
ya tafi kwanto na goma sha takwas.