Malam Duba-Ƙasa

A Auyo, bayan makaranta, inda gawo biyu suka jingina da juna,
nan ne gidan Ba'indiyen da ya koya mana lissafi.
Sunansa Shah. Mu muka raɗa masa Duba-Ƙasa,
don ba ya ɗaga ƙafa sai ya ga inda za ta sauka.
Jerin tururuwa ya taɓa sa shi makara a aji.

Ruwan tulunsa sai an tace da farin ƙyalle,
abin da ya maƙale a ƙyallen a mayar da shi rijiya.
Ba ya cin albasa,
a garin da albasa ke yi wa ɗaki rufin kwano.
Rana na faɗuwa ya kife akushi.
Mun yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ke kai masa madara daga rugar Jauro Bammi.
Nakan tarar da shi bisa tabarma tun duku-duku,
ƙafa a naɗe, baya a miƙe kamar taɓarya,
ba carbi, ba motsin leɓe.
Sauro ya sauka a goshinsa, ya sha, ya tashi da ƙyar.
Ran nan haƙurina ya ƙare: Malam, wa kake jira?
Ya amsa da Hausarsa mai ɗingishi:
Ba jira. Numfashi ya shiga, na sani.
Ya fita, na sani.
Zuciya biri ce a gonar gyaɗa, Ɗan'azumi,
ba a kama ta da gudu.

Na kai wa kakana labari yana ɗinkin koma.
Ya ce, addininsa nasa, namu namu.
Ya datse zare da haƙori, ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, amma kai,
raka'a nawa ka yi yau kana cikinta?

Shekara arba'in ke nan da ɗoriya.
Ban san ko yana da rai ba.
Yau da safe na goya tankin feshi na shiga shinkafa,
ƙwari suka zuba kamar toka.
Baki goma sha ɗaya ke jirana a gida,
ban nemi afuwar kowa ba.

Sai a hanyar komowa, a kan gefen fangali,
tururuwa suka gitta, kowace da tsabarta,
ƙafata ta tsaya a sama
ba tare da ta shawarce ni ba.

Da magariba na ta da kabbara.
Birin ya haura katanga:
kuɗin taki, bashin Alhaji Tafida,
injin ban-ruwa da ke tari tun Laraba.
Ban bi shi ba.
Na tsaya inda nake, fuska ga alƙibla,
na bar Fatiha ta fito a hankali,
harafi bayan harafi,
kowanne yana duba inda zai sauka.