Allon Tankari

A Kusiri, daf da gadar Ngeli,
inda babura ke haye Logon da buhunan sukari,
nan nake rubuta allunan shaguna.
Fenti ja, fenti kore,
buroshi uku, ɗaya ya yi sanƙo.

Tankari mahauci ya zo da hantsi,
ƙanshin kitse na biye da shi kamar bara.
Ya ce: kalma guda nake so a saman rumfa,
wadda kowa zai gani ya saki jiki,
na wannan gaɓa da na waccan.
Ya dire jaka uku ta sefa, kuɗin gwangwani sabo.

Na hau tsani. Sai kasuwa ta zama makaranta.

Hamajoda, da sandarsa a wuya, ya ɗaga kai:
mu in mun ce halal, nagge muke nufi,
wadda ba ta kiwo ba, ba ta aro ba,
taka ta kanka, ka san uwarta.

Annur Bashuwa ya tofar da asuwaki:
daga bakinmu kuka ɗauke ta duka,
amma ha ɗinku ba ta da maƙogwaro,
kun wanke ta har ta koɗe.

Yagana mai turaren wuta ta yi dariya,
ta faɗe ta da Barbarci, a gajarce,
kamar mai tsoron kada ta zube.
Wata ma'aikaciya daga Injamena, gicciye a wuya,
ta ce ita a jikin gwangwanin Faransa ta fara ganinta,
ta zaci sunan kamfani ne.

Mu kuwa Hausawa, ko a gida ba mu shirya ba.
Wani ya ce halas, wani ya ce halak,
kakata ba ta cewa sai halaliya,
tana ƙulle ta a bakin zane
tare da kuɗin ƙuli.

Gaban kalmar bai tada rigima ba,
wutsiyar ce ake ja:
lam ko sin ko kaf.
Wani tsoho da ban san sunansa ba
ya ce da ni: yaro, in kaf ka zaɓa, riƙe hannunka,
tsakanin halak da halaka
wasali ɗaya ne, ɗigon fenti ya isa.

Na rubuta ta da ajami a sama, da boko a ƙasa.
Aka yaba. Aka watse.

Abin da ban gaya wa kowa ba:
ban sayi gwangwani sabo ba.
Ragowar na allon mai gyaran rediyo ne,
na tsinka shi da kananzir
har ya yi ruwa kamar kunun marowaci.
Jaka biyu ta kwana a aljihuna,
na ci kifi da ita, ya yi daɗi kuwa.

Ruwan Agusta bai iya rufa asiri ba.
Mako uku, kore ya bi katako yana hawaye,
lam ta ƙarshe ta tafi, ta tsakiya ta karkace,
ha kaɗai ta tsaya, baki buɗe,
kamar wadda za ta kira sunana.

Tankari bai aiko ba.
Kullum na wuce yana kan sikeli,
yana ƙara 'yar tsoka bayan allura ta tsaya,
ya ce mini sannu, malamin rubutu.
Wannan sannu ta fi sammaci nauyi.

Yau da asuba na ɗauko tsani.
Gwangwanin sabo ne, da hatiminsa.
Masunta na tura kwalekwale,
ladanin wancan ƙetare ya riga namu da numfashi ɗaya.
Har yanzu ban san wace wutsiya zan ba ta ba.
Na dai tsoma buroshi,
fentin ya yi kauri, yana jan hannu.