Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Kwalekwale ya sauke ni da hantsi
a tsibirin yashi, tsakiyar kogin Jamuna,
wurin da taswirar bara ta ce ruwa ne.
A jakata akwai kwalabe ashirin,
da na'ura mai tambayoyi, da biro da ya sha ruwa.

Gida na tara na Shefali Khatun ne.
Ta kori agwagi, ta shimfiɗa mini tabarma,
ta ce in yi ta tambaya, ita tana tsintar shinkafa.

Daga ina kuke ɗiban na sha?
Ta nuna famfon tuƙa-tuƙa da haɓa.
Bakinsa ja ne, fentin ma'aikata,
alamar akwai guba a ƙarƙashi,
irin wadda ba ta wari, ba ta ɗaci.
Mai koren baki yana gidan Mokbul mai shago,
amma akuya ta shiga tsakaninsu,
tun azumi ba a gaisawa.

Na duba na'ura, babu gurbin akuya.
Akwai famfo, akwai rijiya, kogi, ruwan sama.
Na danna famfo.

Minti nawa, zuwa da dawowa?
Ta yi dariya har tire ya karkace.
"Da rani ko da damina?
Da rani kafin tukunya ta tafasa na dawo.
Da damina famfon da kansa nutsewa yake,
mu ɗora yara a gado, gado a kan bulo,
mu sha abin da ya zo bakin ƙofa."
Na'ura lamba ɗaya take so.
Na ba ta sha biyar.
Har yau ban san ko ƙarya na yi ba.

Ta goma sha bakwai ita ce mai nauyin baki:
ina kuke zagayawa?
Ta kai ni bayan ayaba.
Zoben siminti uku, buhu a madadin ƙofa.
"Wannan na huɗu ne, kogi ya ci uku."
Can 'yarta Rumki ta sunkuyar da kai.
In ruwa ya cika, ba ta shan komai bayan la'asar,
kada dare ya tashe ta.
Wannan ma babu inda zan rubuta.

Na tace ruwan tulunsu a faifan gwaji,
na ɗaura shi a ƙugu kamar laya,
ɗumin jikina ne zai ƙyanƙyashe abin da ke ciki.
Gobe war haka zan ƙirga shuɗɗan ɗigo,
in tura su Dhaka,
daga Dhaka su haye teku zuwa wani gari mai sanyi
inda famfo ba ya tari kafin ya kawo.
A can za a zuba Shefali cikin miliyoyi,
da matan kan duwatsu, da na bakin hamada,
ta zama sili ɗaya a jikin layi.
In layin ya ɗaga, a yi tafi a zaure.
In ya kwanta, wani minista ya gyara tabarau,
wataƙila ya matsar da kuɗi daga wannan shafi zuwa wancan.

Ban raina ba.
Wanda ba a ƙirga ba, ba a auna tuwo da shi.
Na taɓa ganin siminti ya biyo bayan takarda,
ko da ya makara da damina biyu.

Na tashi zan tafi, ta riƙe mini hannu.
"Kin sha rana, baƙuwa."
Ta miƙo kofin silba, cike, garau,
daga tulun nan da nake ɗauke da sirrinsa a ƙugu.
Rumki tana kallon bakina.
Gida na goma yana jira, mai kwalekwale yana kira.

Na ce bismilla, na sha rabi.