Gwiwar Gongola

Na zana kogin da alli a kan allo,
layi guda daga tuddan Filato
ya miƙe arewa maso gabas kamar mai niyyar Chadi.
Na lanƙwasa hannu, allin ya karye.
Nan ce Nafada, na ce wa 'yan aji biyu,
inda Gongola ya sake shawara,
ya juya kudu neman Binuwai.

Gidado, na bakin taga, ya ɗaga yatsa:
Malam, wa ya ɓata masa rai?

Littafin darasi ya san tsawon kogin,
ya san watan da yake cika
da watan da yake ramewa har haƙarƙarinsa ya fito.
Bai san Baffa Manga ba.

Baffa Manga kakana ne ta wajen uwa.
Shekara arba'in da gora a hannunsa
yana fiton mutane da awaki da buhunan gero,
da amare masu rufe fuska, da gawa sau bakwai.
Tafinsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru.
Da shi yake shafa kaina in na yi kuka,
sai in ƙara kukan.

Shi ya ce mini ubansa ya ga jirgin Turawa,
a cikar damina, ya taho daga kudu yana tari,
ya sauke gishiri da kananzir da akoko,
ya kwashi ƙaro da fatu.
Ya ce garin nan ya taɓa riƙe hatimi 'yan shekaru,
da akawu, da masinja mai jar dara,
har ran da aka ɗaure takardu aka ɗora wa jakuna,
aka nufi Doma da su.
Me suka bari, Baffa?
Ya tofar da goro a ruwa.
Sauro, ya ce. Shi ma a nan suka same shi.

Yanzu da rani, inda jirgin ya tsaya,
yara ke buga ƙwallo, takalmansu ne raga.
Mata na tona yashi da ƙoƙo
har ruwa ya tsatso, sanyi ƙalau,
kamar kogin ya ɓuya ne ƙarƙashin gadonsa
yana sauraron tafiyarmu.
Albasa ta bi gaɓa layi-layi,
injin ban-ruwa na ta gunaguni tun asuba.

Bara ruwa ya zo da dare.
Ya tumɓuke tsamiyar da Baffa ke ɗaure kwalekwale,
ya yanki rabin gonar Goggo Dudu
ya kai wa mutanen ƙetare.
An zauna gaban mai unguwa sau uku.
Ita ta ce ƙasarta ce, ta san launinta.
Su suka ce ba su aiki kogin ba.
Har yau wake ke fitowa a wurin,
ba a san bakin da zai ci ba.

Ran Juma'a da la'asar na gangara gwiwar.
Na tsaya inda ruwan ke jinkirtawa
kafin ya karkata, kamar tsoho zai tashi daga tabarma.
Wani belbela na bin shanun Jauro.
Daga nesa motar siminti ta wuce, ƙasa ta girgiza kaɗan.
Na tsoma ƙafa. Na tambaye shi tambayar yaron.
Ya kewaye idon sawuna ya tafi abinsa,
ɗauke da karan dawa da silifa ɗaya.

Litinin na zo da amsa a aljihu,
ta duwatsu da gangare da daɗewar zamani,
na kwana ina haɗa ta.
Kujerar bakin taga ba kowa.
Ina Gidado?
Yana fadama, Malam, injin babansa ya lalace,
da guga suke ba albasa ruwa.

Taswirar na nan a allo, ba a goge ba.
Wani ya ƙara mata kwalekwale daidai wurin lanƙwasar,
da ɗan mutum a tsaye, da gora
wadda ta fi shi tsawo sau uku.